Ragowar Barasar Sojan Ruwa: Nazarin Kwalbar Black Tot ta 2010

A ranar 31 ga Yuli, 2010, wani kamfanin dillancin barasa da ke birnin Landan mai suna Speciality Drinks, ƙarƙashin jagorancin Sukhinder Singh, ya fito da wata kwalba kasuwa wadda ya raɗa wa suna Black Tot Last Consignment, ya kuma yanka mata farashin kimanin fam 600. Abin da ke ciki barasar rake ce, wadda Turawa ke kira ram, kuma haka zan rubuta sunan a nan don kada mai karatu ya rikita ta da Rum ɗin da ke cikin sunan Bahar Rum. Kamfanin bai tatsi ko ɗigo ɗaya na wannan barasa ba. Ragowa ce daga rabon da rundunar sojojin ruwan Birtaniya ta saba bai wa kuratanta kullum, wadda ta yi saura a rumbunan gwamnati bayan an soke rabon a ranar 31 ga Yuli, 1970, ta kuma zauna cikin tuluna shekara arba'in kafin a juye ta cikin kwalabe.

Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ni kuma ba mashayi ba ne, saboda haka abin da zan faɗa game da ɗanɗano na tsamo shi ne daga abin da bakin masu wannan sana'a ya haɗu a kai. Abin da ya ja hankalina ga lamarin tambaya ce da ta shafi duk mai sayen kayan tarihi, ko tsohon takobi ne ko tsohon littafi: idan aka ce ka kimanta abin da rabinsa kaya ne rabinsa labari, ta ina za ka soma, kuma yaya za ka hana labarin ya rufe maka ido? Wannan kwalba ta dace da tambayar ƙwarai, domin abin sha ne da aka tanada don talakan soja ya kwankwaɗa a tsaye kafin cin abincin rana, sai ga shi ya ƙare a teburin masu hannu da shuni ana sansana shi kamar turare.

Haihuwar rabon da mutuwarsa

Turawan Ingila sun ƙwace tsibirin Jamaika daga hannun Sifaniyawa a 1655, daga nan ne jiragen yaƙinsu da ke yankin Karibiyan suka fara samun ram a sauƙaƙe. Ruwan sha yakan yi gansakuka a cikin ganga, giyar sha'ir takan yi tsami in tafiya ta yi nisa a ƙasa mai zafi, barasa mai ƙarfi kuwa ko ta shekara ba abin da ke samun ta. Zuwa 1731 dokokin rundunar sun amince a ba mutum abin da ya kai mililita 284 a rana a maimakon galan ɗaya na giyar sha'ir. Maye ya yi yawa a jirage, har a watan Agustan 1740 babban hafsan ruwa Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa sirka rabon da ruwa, kashi huɗu na ruwa a kan kashi ɗaya na ram, a kuma raba shi sau biyu a yini. Kuratan suna yi masa laƙabi da Old Grog saboda wata alkyabba mai kaushi ta yadin da ake kira grogram da yake yawan sawa, shi ya sa sirkakkiyar barasar ta gaji sunan grog. An rage rabon da rabi a 1824, aka sake rage shi da rabi a 1850 ya koma mililita 71, wanda shi ne awon da ake kira tot har zuwa ranar ƙarshe. Hafsoshi kuwa an janye nasu tun 1881.

Yana da kyau a ga yadda ake rabon a shekarun ƙarshe, domin zai yi amfani idan muka zo kan ɗanɗano. Da ƙarfe 11 na safe sai a busa usur a yi kiran "Up spirits". Hafsa mai riƙe da makulli ya sauka ɗakin ajiya tare da masu awo, a auno daidai adadin waɗanda suka cancanta a jirgin a wannan rana, ba ƙari ba ragi. Masu igiya a hannu su karɓi nasu tsantsa. Na sauran kurata kuma a juye shi cikin wani bahon katako mai ɗaurin tagulla, wanda aka rubuta wa addu'ar Allah ya yi wa Sarauniya albarka da manyan haruffan tagulla a jikinsa, a zuba ruwa kashi biyu a kan kashi ɗaya, sannan kowane rukunin masu cin abinci tare ya aiko mutum guda da gwangwani ya karɓo musu. Hikimar sirkawar ita ce sirkakkiya ba ta ajiyuwa, don haka ba wanda zai iya tara na kwana uku ya sha a dare ɗaya. A littafin jirgi kowane suna yana da alama: G ga mai sha, UA ga wanda bai kai shekara 20 ba, T ga wanda ya zaɓi ƙauracewa, shi kuma ana biyan sa kwabo uku a rana, wato abin da iyayenmu ke kira taro a zamanin fam da sule. A tsakanin kuratan, tot ɗin ta zama kuɗi. Wanda ya yi maka ɗan ƙaramin alheri ka ba shi kurɓi ɗaya, wanda ya karɓe ka gadi ka bar shi ya yi haɗiya babba, wanda ya fitar da kai daga babbar matsala kuwa ka miƙa masa kofin ya ƙarasa.

A watan Disamban 1969 hukumar rundunar ta sanar da cewa rabon bai dace da jiragen zamani masu na'urori masu wuyar sarrafawa ba, waɗanda kuskuren mutum ɗaya a kansu zai iya cin rayuka. Hujjar tana da ƙarfi, domin tot ɗaya tana ɗauke da kusan mililita 39 na tsantsar sinadarin maye, ga shi kuma tun 1967 Birtaniya ta shigo da na'urar gwajin numfashin direbobi, sai ya zama abin kunya a ce wanda bai kamata ya tuƙa mota ba shi ne ke zaune gaban na'urar makami mai linzami. Majalisar dokoki ta yi muhawara a kai ranar 28 ga Janairu, 1970, inda ɗan majalisa James Wellbeloved ya kare rabon, David Owen kuma, wanda ke riƙe da muƙamin ƙaramin ministan sojan ruwa, ya kare sokewar. Aka ware fam miliyan 2.7 don asusun jin daɗin kurata a matsayin diyya. Ranar Juma'a 31 ga Yuli aka yi rabon ƙarshe, wasu suka ɗaura baƙin ƙyalle a dantse, wasu suka shirya jana'izar wasa, ranar ta samu sunan Black Tot Day. Kanada ta bi sahu a 1972, Niyu Zilan kuma sai a 1990.

Tulunan

Ragowar da ta yi saura an adana ta ne cikin tuluna na gasasshen yumɓu masu ƙyalli kamar tangaran, an naɗe su da saƙar kwando don kada su fashe, an toshe bakinsu an like. Kowane tulu yana cin galan ɗaya na awon Ingila, wato lita huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, daidai da tot 64. Akan buɗe wasu jefi-jefi idan an ba da umarnin rabo na musamman a wani bikin sarauta, saura kuma suka yi ta zama har gwamnati ta fara sayar da su, suka watsu a hannun 'yan kasuwa da masu tara kayan tarihi. Aikin da kamfanin ya yi shi ne bin sawunsu, da saye, da buɗewa, da ɗanɗana abin da ke cikin kowanne, sannan a gauraya waɗanda suka yi kyau su zama abu guda.

A nan mai kimantawa ke cin karo da gaɓa ta farko mai santsi. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai saye da ya ji an ce shekara arba'in zai ɗauka cewa barasar ta yi shekara arba'in tana nuna. Ba haka abin yake ba. Barasa tana nuna ne a cikin gangar katako, inda take shaƙar iska ta ƙofofin itacen, tana tsotso launi da ƙanshi daga gare shi, wani sashe nata kuma yana tashi ya bi iska. Da zarar an juye ta cikin kwalba ko tulu mai ƙyalli aka like, wannan aiki ya kusa tsayawa cik. Shekarun da suka gina ɗanɗanonta su ne waɗanda ta yi kafin ta shiga tulu, a gangunan da aka ɗauko ta ciki daga Karibiyan da kuma manyan randunan katako na rundunar, irin waɗanda ke ma'ajiyar Deptford a bakin kogin Tems kafin a rufe ta a 1961. A waɗannan randuna ba a barin su ƙare, ana ɗiba ne ana ƙara sabuwa a kan tsohuwa, shi ya sa ba wanda zai iya ɗora wa abin da ya fito daga cikinsu shekara ɗaya tak. Abin da shekara arba'in ɗin nan ta yi shi ne adanawa, ta riƙe ɗanɗanon wani zamani yadda yake. Wannan daraja ce babba, amma daban take da darajar tsufa a ganga, kuma wanda ya cakuɗa su zai yi kuskuren awo tun daga farko.

Gaɓa ta biyu ita ce asali. Tulunan ba daga rumbu ɗaya suka fito ba, kuma sojojin ƙasa na Birtaniya su ma sun daɗe suna ajiye ram cikin tuluna masu kama da waɗannan. Saboda haka abin da ke cikin kwalbar gaurayen tuluna ne da hannun mutumin 2010 ya zaɓa ya haɗa, wanda ke nufin cewa ko da kowane ɗigo na da ne, haɗin kansa na yanzu ne. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin rundunar kanta gauraya take yi tun asali. Kamfanin dillanci na iyalan Man, wanda ya zama ED&F Man, shi ke samo mata ram tun 1784 har zuwa 1970, kuma yana haɗo ta ne daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka, musamman Gayana da Tirinidad, wani lokaci da Babados da Jamaika, gwargwadon abin da kasuwa ta bayar. Babu wani ɗanɗano guda da ya tsaya shekara ɗari biyu bai motsa ba.

Adadin da ke jikin kwalba

An rubuta ƙarfin barasar kashi 54.3 cikin ɗari, kuma a ganina wannan ɗan adadi ya fi duk adon akwatin da kwalbar ke zuwa a ciki faɗin gaskiya. Akwai labarin da aka saba bayarwa cewa a da ana gwada ƙarfin ram ne da albarushi: a jiƙa shi da ita a kusanto da wuta, in ya kama to ba a yi mata algus da ruwa ba. Iyakar da albarushi ke kamawa tana wajen kashi 57, wanda shi ne cikakken awo a tsohon ma'aunin Birtaniya, kuma a kan wannan ne kamfanoni da yawa ke rubuta "Navy Strength" a jikin kwalaben da suka kai kashi 57. Amma wannan laƙabi 'yan talla ne suka yaɗa shi a shekarun 1990. Tun farkon ƙarni na 19 na'urar awo ta Sikes ta maye gurbin duk wani gwajin gargajiya, kuma ƙarfin da rundunar ta tsayar wa rabonta yana ƙasa da cikakken awo da maki huɗu da rabi, wato wajen kashi 54.5. Ke nan wadda ta kai 57 ta zarce abin da kurata suka sha, ita kuma wannan ta gaza da ɗigo biyu kacal, abin da ke nuna cewa toshiyar tulunan da aka zaɓa ta riƙe amana tsawon shekarun.

Irin wannan tankaɗe ya kamata a yi wa duk labarin da ke rataye da barasar sojan ruwa. Ana yi mata kirari da jinin Nelson, wai saboda an saka gawar babban hafsan cikin gangar ram bayan yaƙin Tarafalga na 1805, alhali burandi aka yi amfani da shi.

A cikin kofi

Masu sana'ar ba sa ɗanɗanawa da kofin tagullar da ke zuwa cikin akwatin. Suna amfani da ƙaramin kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, wanda ke tara ƙanshi ya turo shi sama. A zuba abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu na cin abinci ba, a ajiye shi ya huta minti goma ko fiye, domin barasar da ta daɗe a rufe takan fito da wani wari na ɗaki da aka jima ba a buɗe ba, wanda ke gushewa in ta sha iska. Launinta baƙi-baƙi ne mai ja a gefe idan aka ɗaga ta ga haske, amma gwani ba ya ba launi maki, saboda ram ɗin sojan ruwa ana rina ta da ƙonannen sukari, duhunta bai ce komai a kan shekarunta ba. Sai a kawo hanci a hankali, baki a ɗan buɗe, domin wanda ya cusa hancinsa cikin abin da ya haura kashi 54 zafin zai dakushe masa ji na wani lokaci.

Abin da aka fi ambata a ƙanshinta shi ne baƙin ruwan rake mai kauri, wanda ke saura bayan an fitar da sukari kuma daga gare shi ake yin ram. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake dafa mazarƙwaila, ya ji ƙanshin da ke tashi lokacin da ruwan raken ya yi kauri ya fara kama gindin tukunya, ya san gidan da wannan ƙanshi ya fito. A bayansa sai baƙar cakulan, da gahawa, da busassun 'ya'yan itace irin zabibi, sannan can ƙasa ganyen taba, da jemammiyar fata, da hayaƙi, da wani abu mai kama da kwalta ko igiyar jirgi da aka shafa wa mai. A baki tana da kauri da maiƙo, zaƙin ya zo da farko amma bai daɗe ba, sai itace ya biyo da ɗaci da bauri, irin baurin da goro ke bari a dasashi, ya kuma zauna a maƙogwaro na tsawon lokaci. Ɗigon ruwa biyu ko uku yakan kwantar da zafin ya fito da 'ya'yan itacen. Wasu sukan bar kofin da ya ƙare su dawo su sansana shi bayan awa ɗaya, domin abin da ya maƙale a gilashi shi ne ƙashin bayan barasar.

Wannan nauyi yana da tushe. Ram ɗin Gayana, wadda ake kira Demerara da sunan kogin ƙasar, ita ce ginshiƙin haɗin, kuma a cikinta akwai wadda ake tatsowa daga tukunyar Port Mourant, tagwayen tukwane na katako mai tauri masu wuyan tagulla, waɗanda har yanzu suke aiki a masana'antar Diamond ta kamfanin Demerara Distillers. Tukunyar katako ba ta tsabtace tururi kamar wadda aka ƙera da tagulla zalla, don haka takan bar abubuwa masu nauyi su wuce, su ne ke ba da maiƙon nan da ƙanshin saiwa mai zaƙi da Turawa ke kira likoris. Ƙanshin kwalta kuma akan danganta shi da ram mai nauyi ta Tirinidad, irin wadda masana'antar Caroni ta yi suna da ita kafin a rufe ta a farkon shekarun 2000.

Bakin masu ɗanɗano ya haɗu a kan siffar, ya rabu a kan hukunci. Wasu suna ganin zurfinta da tsawon zamanta a baki sun kai ta sahun gaba. Wasu kuma suna ganin itace ya yi mata yawa, baurin ya danne sauran, kuma akwai ram ta wannan zamani da aka rena da kulawa a ganga wadda ta fi ta daidaito a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nata ba. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, sai dai dukansu sun auna ta ne da mudun da ba nata ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wannan barasa dominsu ba su taɓa shan ta tsantsa ba. Da ruwa kashi biyu suke karɓar ta, ƙarfinta ya sauko wajen kashi 18, su shanye cikin ɗan lokaci. Barasar da za ta jure irin wannan sirki ba ta zama lami ba dole ta kasance mai nauyi, mai ɗaci, mai ƙanshin da ba ya ɓacewa, kuma abin da mai kurɓa a kujera ke kira wuce gona da iri shi ne ainihin abin da aka nema. Cikakken gwaji ke nan sai an zuba kofi biyu, ɗaya tsantsa ɗaya da ruwa ninki biyu, ko da yake ba kowa ne zai iya kallon ana tsiyaya ruwa a kan abin da ya saya fam 600 ba.

Sharaɗi na biyu na gwaji mai adalci shi ne a ɓoye suna. Mutumin da ya buɗe akwatin katako, ya ga kofin awo da katin rabo da ɗan littafin tarihin da aka haɗo da su, ya kuma tuna abin da ya biya, harshensa ya riga ya karɓi cin hanci. Hanyar kauce wa wannan ita ce a jera ta cikin kofuna marasa alama tare da 'yan uwanta: Pusser's, wadda Charles Tobias ya kafa a 1979 bayan ya samu izinin amfani da tsarin haɗin rundunar, kuma tana da nau'i mai kashi 54.5, da Wood's ta Demerara mai kashi 57, da Lamb's mai kashi 40 da ake samu a kantuna da yawa a Ingila. Dukansu suna ɗauke da sunan sojan ruwa ko hotonsa, alhali babu wata doka da ta ƙayyade abin da wannan suna ke nufi.

A nan ne nake ganin hujjar kwalbar ta fi ƙarfi. Kafin 2010, wanda duk ya ce tasa ita ce irin ta sojan ruwa sai dai a yarda da shi ko a tambayi tsofaffin kurata, su kuma tunanin ɗanɗanon da aka rabu da shi shekara arba'in ba abin dogaro ba ne, musamman da yake yana cakuɗe da kewar ƙuruciya. Da aka fito da ragowar, sai aka samu abin da za a ajiye a gefe a gwada sauran da shi. Gani ya kori ji.

Kuɗin

Lissafin ba shi da wuya. Kwalbar mililita 700 ce, tana ɗauke da kusan tot goma, ke nan kowace tot ta tashi a wajen fam 60. A tsohon kuɗi kwabo 240 ne fam guda, taro 80 ke nan, don haka kurtun da ya zaɓi karɓar taro a madadin rabonsa sai ya tara na kwana 4,800, fiye da shekara 13, kafin ya haɗa kuɗin tot ɗaya ta 2010. Darajar fam ta faɗi ƙwarai tsakanin shekarun biyu, wannan gaskiya ne, amma faɗuwar ba ta kusa cike wannan rata ba. Abin da ya cike ta shi ne cewa ba za a sake yin irinta ba: randunan da aka gauraya ta ciki sun tafi, da yawa daga masana'antun da suka tatse ta an rufe su, rundunar da ta yi odar ta ta daina. Idan aka tambaye ni ko ruwan da ke cikin kofi shi kaɗai ya kai wannan kuɗi, zan ce bai kai ba. Idan aka tambaye ni ko an yaudari mai saye, zan ce ba a yaudare shi ba, muddin ya san cewa kaso mafi tsoka na kuɗinsa ya tafi ne ga ƙarancin kayan da labarinsu.

Sai dai labarin da ake sayarwa tare da irin waɗannan kwalabe yakan soma ne daga bakin jirgi, da usur da baho da baƙin ƙyalle, ba ya komawa gona. Gonakin raken Jamaika da Babados da Gayana bayi daga Afirka ne suka noma su har zuwa lokacin da dokar 'yanta bayi ta fara aiki a 1834, aka kammala a 1838, kuma a wannan shekara ce aka fara kawo 'yan ƙodago daga Indiya zuwa Gayana a kan yarjejeniyar da ba ta da nisa sosai da bauta. A ƙauyen Port Mourant ɗin nan da tukunyar ta samo suna aka haifi Cheddi Jagan a 1918, ɗan irin waɗannan 'yan ƙodago, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Ayarin jiragen da Birtaniya ta girke a gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808 don tare jiragen fataucin bayi, kuratansa suna karɓar rabonsu kullum daga barasar da bayi suka noma rakenta, haka kuma waɗanda suka yi wa Legas ruwan wuta a watan Disamban 1851 suka tumɓuke Kosoko, su ma rabon bai wuce su ba. Tunda mai saye tarihi yake biya, yana da haƙƙin a auna masa shi cikakke, kuma mai kimantawa da ya ba labarin maki ba tare da ya lura da wannan giɓi ba ya bar aikinsa a rabi.

Kamfanin, wanda daga baya aka raɗa wa sashensa na haɗa barasa suna Elixir Distillers, ya ci gaba da amfani da sunan bayan 2010. A 2019 ya fito da Black Tot ta yau da kullum mai kashi 46.2, haɗin sabuwar ram daga Gayana da Babados da Jamaika, a kan farashin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya. A 2020, don cika shekara 50 da soke rabon, ya fito da wani ƙayyadadden haɗi mai kashi 54.5, wanda aka tattaro daga Gayana da Babados da Tirinidad da Jamaika, aka kuma ɗiga masa daga ainihin ragowar tulunan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kwalbar mililita 700, wannan bai cika cokali biyu na shayi ba, kuma babu harshen da zai iya tsamo shi daga cikin sauran, amma an rubuta shi a jerin abubuwan da ke jikin kwalbar tare da adadinsa.